Jirgin da na ƙera, na kuma nutsar da shi da hannuna

Ranar da na fara zuwa kallon wasan yaƙi da ƙananan jiragen ruwa masu rimot, a bakin wani tafki da ke bayan garin Dalas a jihar Teksas ta Amurka, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wani dattijo mai furfura, wanda a ƙiyasina ya ba shekara saba'in baya, da na hango cikin ruwa har iya ƙirji yana laluben ƙasa da ƙafarsa. Can sai ya sunkuya ya ɗago wani jirgin ruwan yaƙi da ya kai tsawon yaro ɗan shekara goma, ruwa na tsiyaya daga ramukan jikinsa kamar rariya, shi kuwa sai dariya yake yi, waɗanda ke kan tudu suna yi masa tafi. Abokin aikina da ya gayyace ni ya gaya mini cewa dattijon ya shafe kusan shekara guda yana ƙera jirgin, kuma wanda ya nutsar masa da shi amininsa ne, a mota ɗaya ma suka zo. Kafin a yi awa biyu jirgin ya koma kan ruwa yana harbi kamar babu abin da ya same shi. A ranar nishaɗi kawai na ɗauki abin, ban lura da cewa wannan komawa kan ruwa ita ce ainihin gwanintar da ake nema ba.

Ga wanda bai taɓa jin labarinsa ba, wasan ya samo asali ne a nan Teksas a ƙarshen shekarun 1970, kuma sunan Stan Watkins ne aka fi ambata idan ana maganar waɗanda suka assasa shi. Mutane kan ƙera ƙaramin kwafin jiragen yaƙi na gaske, waɗanda suka yi zamani daga farkon ƙarni na 20 zuwa 1946, su sa musu injin lantarki da batir da bindigogi masu harba ƙwayoyin ƙarfe da ƙarfin iskar gas, sannan su tsaya a bakin ruwa da rimot a hannu su yi ta ɓarin wuta har sai wani ya nutse. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1 bisa 144, wato inci ɗaya a jikin kwafin yana madadin ƙafa 12 a jikin jirgin asali. Masu wasan sun rabu gida biyu. Akwai masu manyan bindigogi, waɗanda ake samu a Amurka da Ostireliya, su ne ke sa igwogi masu juyawa, girman harsashin kowane jirgi ya bi girman igwar asali har zuwa rubu'in inci, kuma sai an dakata tsakanin harbi da harbi. Akwai kuma masu bindiga mai sauri, irin na IRCWCC, wata ƙungiyar masu wannan wasa, inda kowa ke harba ƙwaya iri ɗaya mai kaurin milimita 4.5, bindigar galibi a kafe take ba ta juyawa, harbi kuwa iya saurin yatsan mutum. Wannan na biyun na shiga, don mutanen da suka karɓe ni shi suke bi.

Ina sane da cewa ga wanda ya fito daga inda ƙarar bindiga ba abin wasa ba ce, akwai ɗan nauyi a baki wajen kiran yaƙi wasa, kuma ni ma na daɗe ina juya wannan a raina. Abin da ya ja ni dai aikin hannun ne. Lokacin da muke yara, bayan an gama girbi, mukan tara karan dawa mu ɓare shi, mu yanka totuwar mu soke ta da ɓawon, mu haɗa mota har da tayoyi da fitilu. Ranar da na fara riƙe katakon balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake kawo shi, na danna shi da farce ya lotsa, sai yatsuna suka tuna totuwar kara tun kafin kaina ya tuna.

Kuskuren farko na kowane sabon shiga a zaɓen jirgi yake, kuma ban tsira daga gare shi ba. Yamato na so, babban jirgin Japan, har na sayi zanensa na manna a bangon gareji. Wannan dattijo da na gani cikin ruwa, wanda daga baya ya zama malamina a harkar, bai yi mini musu ba. Takarda ya ɗauko ya yi mini lissafi. Tsawon Yamato mita 263 ne, idan aka raba da 144 zai ba da santimita 183, wato ya fi ni tsawo. Nauyi kuwa ba da 144 ake raba shi ba, sai an raba sau uku a jere saboda tsawo da faɗi da zurfi duk sun ragu, abin da ya kai kusan miliyan 3, don haka jirgin da ya haura tan 70,000 idan an cika shi zai dawo kimanin kilo 24. Ya tambaye ni ko na taɓa ɗago kilo 24 daga cikin laka, ga kuma ruwa cike da cikinsa, ya kuma ƙara da cewa babban jirgi bindigoginsa sun fi yawa, kowace bindiga kuma wata ƙofa ce ta matsala, sannan duk wanda ke bakin tafkin shi zai sa a gaba domin ba a kuskure shi. Da na ce to bari in koma ga mafi ƙanƙanta, sai ya sake nuna mini cewa ƙaramin jirgi irin na ajin Fletcher na Amurka santimita 80 ne kacal, nauyinsa da ƙyar ya kai kilo ɗaya, kuma cusa batir da tukunyar gas da famfo cikin wannan ɗan wuri aikin ƙwararru ne. Matsakaici ne abokin ɗan koyo.

A ƙarshe Admiral Graf Spee na zaɓa, jirgin Jamus da aka sa a ruwa a 1934, mai tsawon mita 186, wanda kwafinsa ke kamawa santimita 129 da nauyin kilo biyar da ɗoriya. Ana iya ɗaukarsa a hammata, yana kuma shiga kujerar bayan mota. Tarihinsa ma ya ja hankalina. A ƙarshen 1939 ya nutsar da jiragen 'yan kasuwa tara a kudancin tekun Atilantika da tekun Indiya, kafin jirage uku na ɓangaren Birtaniya, Exeter da Ajax da Achilles, su tare shi ranar 13 ga Disamba a kusa da gaɓar Yurugwai. Ya shiga tashar Montebideyo da rauni, kuma ranar 17 ga wata kwamandansa Hans Langsdorff ya sauke mutanensa ya sa aka fasa jirgin ya nutse, maimakon ya fita da su a hallaka su. Da malamina ya ji zaɓina ya yi murmushi ya ce in yi hankali, jirgin nan tun asali mutanensa ne ke nutsar da shi.

Gangar jikin ta faiba na saya, wadda aka riga aka zuba a ma'auni, maimakon in yanka haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya daga katako kamar yadda wasu tsofaffin hannu ke yi. Ta iso sumul, babu tabo ko ɗaya, aikin farko da doka ta ɗora mini kuwa shi ne in ɓata ta. Ƙa'ida ta ce kashi 85 cikin 100 na tsawon gefen jirgi dole ne ya zama inda harsashi zai iya hudawa, daga ƙarƙashin bene har zuwa inci ɗaya ƙasa da layin ruwa. Saboda haka sai mutum ya zana tagogi a jiki, ya yanke su, ya bar siraran haƙarƙari tsakaninsu da ɗan tauri a hanci da gindi. Na yi kwana uku ina aunawa ina sake aunawa kafin hannuna ya yarda ya kunna injin yanka. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana kuma cutar da huhu, don haka takunkumi da tabarau wajibi ne, kuma a waje ake yin aikin.

A kan waɗannan tagogi ake manna balsa mai kaurin kashi 1 cikin 32 na inci, abin da bai kai milimita ɗaya ba. Kafin a manna, akan shimfiɗa masa wata takarda mai laushi, mai kama da ta jakar ganyen shayi, a shafe ta da wani ruwan gam mai ƙarfin wari wanda masu ƙera ƙananan jiragen sama ke amfani da shi. Amfanin takardar shi ne idan ƙwaya ta shiga ta bar rami zagayayye kawai, katakon bai tsage ya bi tsawonsa ba. A nan zuciya takan raya wa sabon hannu ya ƙara shafi biyu ko uku na fenti don fatar ta yi tauri, amma akwai gwajin da ake yi a bakin ruwa, inda ake sakin ɗan sandan ƙarfe ta cikin bututu ya faɗo a kan fatar, idan bai huda ba jirgin ba zai shiga fage ba. Ta ciki kuma, bayan haƙarƙarin, ana rataya labulen roba mai kauri domin ƙwayar da ta shigo ta tsaya nan, kada ta fasa batir ko ta tsinka waya.

Abin da ke cikin cikin jirgin shi ne jirgin, kuma a nan ne na raba lokacina ba daidai ba. Malamina ya sha gaya mini cewa in ɗauka tun yanzu cewa duk abin da na sa a ciki zai kwanta a ƙasan tafki, in tambayi kaina ko zai tashi idan an ciro shi. Injinan da ke juya farfela ba su cika damuwa da ruwa ba, amma na'urar da ke karɓar saƙon rimot da ƙaramin injin da ke karkata jirgin hagu da dama sai an lulluɓe su da aradait ko an rufe su cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Batir, da yake shi ne mafi nauyi, a can ƙasa tsakiya ake kwantar da shi, a ɗaure shi yadda ba zai zame ba, domin jirgin da ya karkata gefe guda yana tona cikinsa ga abokan gaba. Sai famfo, wanda ke zama a wuri mafi zurfi yana tsotse ruwan da ya shigo yana feso shi sama. Ya ce mini in kewaye bakin famfon da raga, ko da irin ta sauro da ake sa wa taga ce, in kuma wanke cikin jirgin tas kafin in rufe. Na ce to. Sai dai a makon da ya kamata in yi wannan, hankalina yana kan benen sama, inda nake sassaƙa ɗan ƙaramin jirgin sama samfurin Arado 196 irin wanda Graf Spee ya ɗauka a 1939, har da fentin fukafukansa da burushi mai gashi uku.

Bindigar kanta ba ta da wuyar fahimta idan an warware ta. Bututun tagulla ne mai lanƙwasa da ke ɗaukar ƙwaya 50, sai wani ɗan fistin da ke sakin ƙwaya ɗaya a kowane harbi, sai zoben roba a gindin hancin bindigar wanda ke riƙe ƙwayar har iska ta taru a bayanta ta tunkuɗa ta waje. Noti ne ke matse zoben. Idan an sassauta da yawa ƙwayar ta fito a sanyaye ta daki balsa ta faɗa ruwa, idan an matse da yawa ta maƙale iska ta yi ta huci a banza, kuma daidaiton da aka samu da safe yakan canja idan rana ta take. Iskar ita ce CO2, irin wadda ake sa wa lemon kwalba, tana zaune a tukunyarta da ƙarfin da ya haura 800 a ma'aunin da ake auna iskar taya, sai regileta ta sauko da ita zuwa 150, iyakar da doka ta yarda, wanda duk da haka ya kusa ninka iskar tayar mota sau biyar. Wannan ya sa babu wanda ke tsayawa kusa da ruwa ba tabarau na kariya, ɗan wasa ne ko ɗan kallo, kuma da zarar an ɗaga jirgi daga ruwa sai an soka ƙusa a hancin kowace bindiga. A wannan babu sassauci, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba, domin ƙwayar takan daki ruwa ta yi tsalle ta nufo tudu.

A bahon wanka na yi gwajin farko, da dare bayan yara sun yi barci, ina jera 'yan guntayen dalma har layin ruwan ya zauna daidai. Na zuba ruwa kofi biyu a ciki na kunna famfo, sai ya feso har silin ya jiƙa mini fuska. Uwargida ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ta ce, "Baban yara, Allah ya kyauta," ta ja ƙofa. Ni kuwa na kwanta da murna cewa famfona lafiya lau yake, ban yi tunanin cewa ruwan famfon gida mai tsabta na zuba masa, jirgin kuma ko motsi bai yi ba.

Ranar yaƙin farko aka raba mu kamar yadda aka saba, ɓangaren Jamus da Japan da Italiya a gefe guda, na ƙawancen Birtaniya da Amurka a ɗaya gefen. Jirgi mai girman nawa ba a yarda ya sa bindiga a gefe ba, don haka bindigogina biyu duk a baya suke, abin da ke nufin cewa sai na juya wa abokin gaba baya kafin in harbe shi. Shawarar da aka ba ni ita ce in tsaya daga waje-waje, in yi amfani da saurina, in sari wanda ya shagala in gudu, kada in kuskura in shiga kusa da gaɓa inda manya ke goga kafaɗa. Na bi wannan na kimanin minti huɗu. A cikinsu ne wata ƙwaya ta ɗauke ɗan jirgin saman da na ɓata mako guda a kansa, na ga fiffikensa yana yawo a kan ruwa. Sai na hango wani jirgin Birtaniya ya yi nauyi yana feshin ruwa, kwaɗayi ya kama ni, na bi shi, ban ankara ba na tsinci kaina tsakanin manyan jirage biyu na Amurka. Ƙarar da na ji kamar ta ƙanƙara ce a kan kwano.

Na samu na zille, na kunna famfo, ruwa ya tashi sama kamar yadda ya yi a baho, na ɗan sami natsuwa. Bayan daƙiƙa kaɗan sai feshin ya rage tsawo, ya koma tofi, ya tsaya cik. Akwai ƙa'idar da ta ce wanda harsashinsa ya ƙare ko ya ga ba zai iya ci gaba ba sai ya ɗaga murya ya sanar, daga nan ya daina harbi ya yi ƙoƙarin tsira na minti biyar kafin a ba shi izinin taɓa jirginsa. Na sanar, na danna agogo, na nufi gaɓa. Gindin ne ya fara zama, ruwa ya hau benen baya, hancin ya ɗaga sama a hankali yadda har na ga jan fentin cikinsa, sannan ya shige. Saƙon rimot ba ya ratsa ruwa, don haka yatsuna suka ci gaba da motsa sanduna ba tare da kowa na amsawa ba. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu a agogon. Abin da ya rage a sama shi ne ɗan soson da na ɗaura wa zare, wanda ya taso ya nuna mini inda zan shiga.

Da aka tsagaita wuta na shiga ruwan da kayana, laka har ƙauri, na ɗago shi. Wanda ya harbe ni ne ya zo muka ƙirga ramukan tare, kamar yadda al'adar take. Rami a saman layin ruwa maki 10 ne, a kan layin 25, a ƙasansa 50. Mun sami 23 a sama, 4 a kan layi, 6 a ƙasa. Ya dube ni ya ce wannan ɓarnar ba ta isa ta nutsar da jirgi mai lafiyayyen famfo ba, in buɗe mu gani. Da na cire famfon, sai ga bakinsa cushe da ɓurɓushin balsa da ƙurar faiba da guntun waya da wata ƙwaya guda da ta maƙale a farfelarsa, wasu daga harbin ranar, amma mafi yawa sharar da na bari tun a gareji, wadda girgizar ruwa ta kwaso ta tara a wuri mafi zurfi. Malamina yana tsaye a bayana bai ce uffan ba. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

Na cire batir, na zubar da ruwan, na ɗauraye cikin da ruwa mai tsabta, na zuba sifirit a kan mahaɗan waya don su bushe da wuri. Na'urar karɓar saƙo, wadda na lulluɓe da aradait saboda an tsaya a kaina sai da na yi, ta tashi nan take. Injin karkata jirgin, wanda na ce zan rufe daga baya, ya mutu murus. Mutumin da ya nutsar da ni ya buɗe akwatin kayansa ya miƙo mini wani, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce idan ban koma ruwa ba wa zai harba da yamma. Wani kuma ya yanko mini ragar taga daga cikin tarkacensa. Toshe ramukan bai ɗauki rabin awa ba: a yago takardar nan daidai girman farce, a ɗora, a shafa gam, iska ta busar. Da la'asar na koma, na tsaya can waje kamar yadda aka gaya mini tun farko, na ƙarar da ƙwayoyina 100 galibi a cikin ruwa, na kuma cika minti biyar ɗina famfo na feshi har ƙarshe.

Wanda ke sha'awar shiga wannan harka, ra'ayina shi ne kada ya sayi ko ƙusa sai ya je bakin tafki ya ga wace ƙa'ida mutanen yankinsa ke bi, domin jirgin da aka ƙera don gida ɗaya ba ya shiga fagen ɗaya gidan, kuma sau da yawa akan sami wanda zai ba baƙo aron jirgi ya gwada. Idan akwai tsohon jirgi na sayarwa wanda ya riga ya sha nutso ya tashi, ya fi sabon da mutum zai ƙera shi kaɗai a ɗaki, ko da kuwa fentinsa ya koɗe. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma rimot da kayan gas ne ke cinye mafi yawansa, amma su ne kuma ake iya ɗauka daga jirgi zuwa jirgi.

Yanzu Graf Spee yana kan teburin gareji na ɗaye masa fata gaba ɗaya, domin faci ya hau kan faci har ya fara tauri, kuma ina tsoron kada ya faɗi gwajin sandan ƙarfe. Ya nutse sau uku tun daga wancan karo, kowane lokaci kuma ya koma ruwa a ranar. Na canja wa famfon mazauni, na yi masa raga ninki biyu wadda ake zarewa da yatsa a wanke. Zanen Yamato na sauke shi daga bango na naɗe na jingine a bayan ƙofa. Gurbin ɗan jirgin saman yana nan fayau a tsakiyar bene, ɗana ƙarami yana ta tambayata yaushe za mu sassaƙa wani, na ce masa sai mun gama manna balsar gefen hagu.